Muhawara: “sabbin launuka” aka ba sojoji ko sabbin tutoci?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata magana ce ta hana ni sakat tun jiya. Ina cikin adaidaita sahu daga Ƙofar Nassarawa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, direban ya kunna rediyo, sai na ji mai karanta labarai ya ce wai an miƙa wa wasu bataliyoyin soja “sabbin launuka” a wajen fareti. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce, “To, kakin nasu za a sake ke nan?” Ba laifinta ba ne, abin da aka faɗa mata ke nan. Ni da nake aikin fassara na gane inda aka yi tuntuɓe: Turawa suna kiran tutar bataliya da kalmar nan tasu ta kala, wanda ya fassara kuma ya ɗauko ma'anar da ya fi sani. Amma da na zauna zan gyara sai na ga ni ma ban tsira ba. A labarin soja guda ɗaya sai ka ci karo da kala, da sitanda, da gaidon, da ensin, da fenant, kowacce da abin da take nufi, ni kuwa kalma ɗaya ce tak a hannuna, tuta. Hausa ce ta gaza a nan har sai mun ƙirƙiro sababbi, ko kuwa akwai su, ni ce ban sani ba?

Tsohon Samanja:
Wa alaikumus salam, 'yata. Kin taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na daɗe cikin kaki, na yi zaman barikin Bukavu a nan Kano, na yi Zariya, na yi Kaduna, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani kafin masu ilimi su zo.

Tuta iri biyu ce a bariki, kuma ko kurtu ba ya haɗa su. Akwai wadda ake ja da igiya a dogon ƙarfe a bakin ƙofa. Ƙarfe 6 na safe a ɗaga, ƙarfe 6 na yamma a busa bigila a sauke, duk wanda busar ta riska ya ƙame a inda yake har a gama. Wannan tana da girmanta, amma in rana ta cinye ta sai a ɗauko wata a sito a ɗaura, babu taro babu biki.

Ɗayar kuwa, wadda aka ce muku launi, ba a jan ta da igiya, ba ta kwana a waje, ruwa ba ya dukanta a banza. A jikin sandarta take zaune. Ɗinkin zare ne mai nauyi, da geza a gefe, da igiyoyi masu tukku suna reto daga kan sandar. Bataliya tana da guda biyu, ɗaya ta ƙasa, ɗaya ta rundunar kanta mai ɗauke da tambarinta. Cikin kube take a kulle, sai ranar babban fareti ake fito da ita. Ƙaramin hafsa ne yake riƙe ta, mai anini ɗaya ko biyu, manyan saje suna gefensa da banati a bakin bindiga. In an zare mata kube ta zo wucewa, komai girman janar sai ya miƙe ya sara mata. Ranar da za a ba da sabuwa kuwa, ganguna ake tarawa a tsakiyar fili a jingina ta a kai, liman ya yi addu'a, malamin coci ya yi tasa, sannan a damƙa ta. Yanzu ki gaya mini, wannan ce launi?

Ɗan Kwari:
Baba Samanja, Allah ya ƙara girma. Amma bayaninka ni ya ƙara nuna mini cewa kalma ɗaya ba za ta ɗauke su ba. Tunda ku kanku ba ku haɗa su, me ya sa mu za mu haɗa? Mun ari bataliya, mun ari fareti, mun ari bariki da kofur da saje, babu wanda ya ce Hausa ta mutu. A ce kala kawai, kowa ya koya.

Tsohon Samanja:
Ɗana, a bariki haka muke cewa, kala. Amma kai da kake Kantin Kwari, in mace ta zo shagonka ta ce a ba ta wata kala, tuta kake miƙo mata? Kalmar ta riga ta kama gida a wani wuri.

Malamar Tarihi:
Ni ina ganin an juya tambayar ne a baibai. Ana magana kamar tuta a Hausa asalinta ƙyallen nan ne da ke gaban ofis, sai yanzu muke neman yadda za mu ɗaga darajarta ta kai ta soja. Alhali wanda ke gaban ofis shi ne baƙo. Tutar da kakanninmu suka sani ita ce ainihin abin da Baba ya siffanta: ƙyalle a kan sanda, wanda babba yake ɗaura wa na ƙasa da shi da addu'a, a ba shi amana, a mutu a gindinsa.

Ku duba jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, malamai suka riƙa zuwa daga ƙasashe suna karɓar tuta su koma. Modibbo Adama ya kai tasa ƙasar da yanzu take amsa sunansa, Buba Yero ya yi Gombe, Malam Yakubu ya yi Bauchi, Ummarun Dallaje yana cikin na Katsina, Malam Musa ya yi Zazzau, Malam Zaki ya yi Katagum. Me ake ce musu har gobe? Masu tuta. Babu wanda ya ji wannan sunan ya zaci masu tallan ƙyalle ne. Tutar ita ce takardar izini, ita ce naɗi, ita ce shaidar cewa yaƙin nan ba na son rai ba ne, yana da shugaba a sama.

A nan Kano ma haka. Jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Kwazazzabo, aka kai ruwa rana har yaƙin Ɗanyaya inda aka karya rundunar Sarki Alwali. Tutar Kano a hannun Malam Jamo na Sulluɓawa aka ajiye ta, yayan Ibrahim Dabo, shi ya sa ake ce wa zuriyarsa Sulluɓawan Tuta. Kuma har yau a cikin masu zaɓen Sarkin Kano, tare da Madaki da Makama da Sarkin Bai, akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta. Harshen da ya sa tuta a cikin sunan sarautar mai zaɓen sarki, shi za a ce ba shi da kalmar tutar girma? Ni abin da yake damuna, mun bar kalmar ta yi arha a bakinmu saboda tutocin jam'iyya da na ƙwallo, sai muke zaton da ma can haka take.

Mai Fassara:
Malama, na gode ƙwarai. Kin tuna mini ma da muke cewa wane ya ciri tuta in ya fi kowa. Ba za a yi wannan maganar a kan abu maras daraja ba. Amma matsalata tana nan. In labari ya ce shugaban ƙasa ya iso an ɗaga sitandarsa, sannan bataliya ta rusunar da kalarta, ni in ce an ɗaga tuta an rusunar da tuta?

Jikan Dogari:
Ƙanwata, ki ce an ɗaga tutar shugaban ƙasa, bataliya ta rusunar da tata. Ina wahala a nan?

Amma ina so in ƙara wani abu a kan maganar Malama. Ni a gidan dogarai na tashi, tun ina ƙarami ake riƙe hannuna a kai ni Ƙofar Kudu kallon hawan Daushe. Abin da Turawa suke nufi da sitanda, wato alamar da ke cewa mai mulki da kansa yana wurin nan, mu a Kano ba tuta ce take yin wannan aikin ba. Laima ce. In kana tsaye a cikin dubban mutane, ƙura ta tashi, 'yan bindiga sun cika wuri da hayaƙi, ba ka ganin fuskar kowa, da ka hango laima tana juyawa ka san ga Sarki can. Ga tagwayen masu, ga tambari da kakaki da ba a kaɗa wa kowa ko a busa wa kowa sai shi. Wato aikin da su suka ɗora wa ƙyalle iri-iri, mu mun raba shi ne tsakanin tuta da laima da mashi da ganga. Shi ya sa suke da sunayen tuta barkatai, mu kuma muke da sunayen kayan sarauta barkatai. Ku tambayi Bature sunan figini ko lifidi da harshensa ku ga in ba zai yi dogon bayani ba.

Ɗan Kwari:
Yaya, wannan gaskiya ne, amma shugaban ƙasa ba ya yawo da laima. Labarin yau ake so a fassara.

Almajirin Madabo:
Assalamu alaikum. Ina bin maganar tun ɗazu. In har sai an yi aro, me ya sa za mu tsallake maƙwabcin da muka fi daɗewa da shi? Larabci ya bambanta su tun tuni, kuma a littattafan da ake karantawa a zaurukan cikin birni akwai kalmomin. Akwai liwa'i, akwai raya. An rawaito daga Ibnu Abbas cewa rayar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, baƙa ce, liwa'insa kuma fari ne. Wasu malamai suka ce liwa'i shi ne wanda ake ƙullawa a kan mashi a naɗe, yana nuna inda shugaban runduna yake, raya kuma ita ce wadda ake saki iska tana kaɗawa. To ga sitanda ga kala, an gama.

Kuma nauyin da Baba Samanja ya faɗa, can ma haka yake, har ya fi. Mus'abu ɗan Umairu shi ya riƙe liwa'i a Badar, shi ya riƙe a Uhudu har ya yi shahada yana rungume da shi. A Haibara aka kwana ana tunanin wa za a ba raya, da safe aka kira Sayyidina Ali. A Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Zaidu ɗan Harisa ya riƙe aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya karɓa, aka sare damansa ya mayar hagu, aka sare hagun ya rungume da damatsansa, bayansa Abdullahi ɗan Rawaha, sannan Halidu ɗan Walidu ya ɗauka ya janye da rundunar. Har yau a sojojin Masar da Saudiyya liwa suke ce wa birged, kuma shi ne sunan muƙamin manjo janar. Wato runduna ta ci sunan tutarta.

Malamar Tarihi:
Allah ya gafarta Malam, bayanin ya yi daɗi, amma zan yi maka tambaya ɗaya. In kana fassara wa ɗalibanka ƙissar Mu'uta a zaure, ka zo kan raya, me kake ce musu da Hausa?

Almajirin Madabo:
Tuta nake cewa.

Malamar Tarihi:
In ka zo kan liwa'ul hamdi fa?

Almajirin Madabo:
Tutar godiya, ko tutar yabo. Na ga inda kika nufa, Malama. Malamanmu na da sun san kalmomin nan biyu sarai, sun fi mu sanin Larabci nesa ba kusa ba, amma da suka zo yi wa jama'a bayani tuta suka ce. Na karɓi wannan. Sai dai ina nan a kan cewa a rubutu na ilimi, inda ake buƙatar bambancewa, liwa'i ya fi sitanda kusa da kunnen Bahaushe.

Ɗan Sabon Gari:
Ku ba ni dama in sa baki. Ni Kirista ne, haifaffen Kano, da Hausa muke sujada a cocinmu. Liwa'i ban taɓa jin sa ba sai yau, kuma labaran rediyo har da mu ake karanta wa. Tuta kuwa mun san ta. A littafin Fitowa, bayan yaƙi da Amalekawa, Musa ya gina bagade ya sa masa suna Ubangiji ne tutata. 'Yan birged ɗin yara na coci ma suna da tasu mai geza, da ita suke shiga gaba ranar taro, kuma ba a barin ta taɓa ƙasa. Bataliya ta ƙunshi kowa da kowa, don haka kalmar da za a kira tutarta gara ta zama wadda kowa ya sani.

Tsohon Samanja:
Ka yi gaskiya, ɗana. Wanda ya fi kowa iya riƙe ta a cikin hafsoshin da na yi aiki da su, Kirista ne daga Filato. Iska tana kaɗawa kamar za ta ɗaga mutum, hannunsa ko motsi.

Tunda an ambaci gaidon, bari in faɗi abin da na sani. Ita ta mayaƙan doki ce a asali, ƙarama ce don kada ta dami mahayi, kuma bakinta a tsage yake gida biyu kamar wutsiyar tsattsewa. Da dawaki suka tafi, masu tankokin yaƙi suka gaje ta. 'Yan igwa kuwa a al'adar da muka gada ba su da irin wannan tutar sam, igwarsu ita ce tutarsu, ita ake sara wa a fareti, kuma babban abin kunya ne a bar ta a hannun abokan gaba. Wannan zai nuna muku cewa maganar ba ta ƙyalle ba ce.

Mai Fassara:
Baba, to ita gaidon sai in ce tutar mayaƙan doki? Ko tuta mai baki biyu?

Tsohon Samanja:
In labarin tarihi ne ki ce tutar barade. In na yau ne ki ce tutar rundunar tankoki. Mai baki biyu siffarta ce, ki ajiye wa tela.

Telan Ƙofar Wambai:
To ga telan ya iso, Baba. Ni sana'ata ke nan, tutocin makarantu, na Islamiyyu lokacin Mauludi da Takutaha, na masu Maukibi, na 'yan siyasa in kakarsu ta zo. Mu a bakin keke ba mu taɓa rasa sunan da za mu kira wani sashe ba. Gefen da sanda take shiga gidan sanda muke cewa, kamar yadda ake cewa gidan zariya a wando. Ɗaya gefen da iska take kaɗawa shi ne baki, kuma shi yake fara yagewa, don haka ninki biyu nake yi masa. Ga geza, ga tukku, ga kan sanda, wanda wasu suke so a yi musu da siffar mashi. In mutum yana son ƙaramar alama a lungun sama ta wajen sanda, sai ya ce a sa masa a kusurwa. Mai baki biyu, mai baki ɗaya mai tsini, doguwa siririya, duk ana yi.

Abin da yake ci mini rai shi ne tutar ƙasa. Tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, gida uku daidai wa daida, kore fari kore. Amma sai mutum ya zo ya ce a rage yadi don kuɗi, a fito da ita kusan murabba'i, ko a sa kore mai ruwan ganyen latas. Kuma ku zaga gari ku ga waɗanda suka koɗe suka zama kamar tsumman goge keke, suna rataye a gaban manyan gine-gine. Wanda ya zana ta, Taiwo Akinkunmi, ɗalibi ne a Landan lokacin da ya ci gasar a 1959, har da jar rana a tsakiyar zanensa masu zaɓe suka cire. Ya rasu a 2023. Ko don shi a riƙa sauya ta in ta tsufa.

Tsohon Sojan Ruwa:
Baba Samanja, na sara maka. Ni ruwa na yi, kuma a nan ne ƙanwarmu za ta fi shan wuya, domin jirgi da tuta yake magana. Ensin ita ce take nuna ƙasar da jirgi ya fito, a baya ake ɗaga ta. Tamu ta sojan ruwa fara ce, da tutar ƙasa a kusurwa, kamar yadda ta sojan sama take da ruwan sararin samaniya. Akwai wata da ake ɗagawa a goshin jirgi in yana tsaye a tasha. Akwai fenant, doguwa siririya a can ƙololuwa, wadda take nuna jirgin yana bakin aiki a ƙarƙashin kwamanda. In babban hafsa ya hau, sai a ɗaga tasa, jirgin ya zama shi ne uban tafiya. Bayan waɗannan ga tutocin saƙo, kowane harafi da tasa, 26, kuma kowacce in ta tsaya ita kaɗai magana ce. Ta harafin O tana nufin mutum ya faɗa ruwa. Ta harafin A tana nufin akwai mai nutso a ƙasa, a rage gudu a nisanta. Duk jirgin duniya ya san wannan ko da ba ku jin harshen juna.

Ni dai a ganina tutar baya, tutar goshi, tutar kwamanda, tutar saƙo, sun wadatar. In na koma gida hutu haka nake yi wa mahaifina bayani, kuma bai taɓa cewa bai gane ba.

Ɗan Kwari:
To ai kun dawo kan maganata ta wata hanya. Kowa yana ƙara wa tuta wata kalma a baya. Ashe ita kaɗai ba ta isa ba.

Malamar Tarihi:
Ƙanena, ai haka Hausa take gina suna. Sarkin Dawaki, Sarkin Bai, Sarkin Fada, duk sarki ne a gaba, amma ba wanda ya taɓa rikita su. Jirgin sama, jirgin ƙasa, jirgin ruwa. Wannan ba gazawa ba ce, kuma ya fi aro amfani, don wanda bai taɓa jin tutar goshi ba zai iya hasashen inda take, wanda kuwa bai taɓa jin ensin ba sai an zaunar da shi.

Bari in koma kan wani abu da Baba ya ce, wai maganar ba ta ƙyalle ba ce. Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Ranar 15 ga Maris suka ci Sakkwato. Da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta watse, waɗanda suka tsaya suka ƙi gudu a gindin tuta suka tsaya, a nan aka kashe su. Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka bi shi har Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli na shekarar. Tutarsa ta faɗa hannun Turawa, ta zauna a wurin sojojinsu shekara da shekaru a matsayin ganima, sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na III. Ku duba, su da suka ƙwace ba su yar ba, mu da aka mayar wa ba mu ce tsohon ƙyalle ne ba. Kowane ɓangare ya san abin da ke hannunsa.

Almajirin Madabo:
Kuma rubutun da ke jikin tambarin sojan ƙasa na Najeriya, a kan tutarsu mai ja da baƙi da ja, Nasrun minallah ne, nasara daga Allah take. Lafazin yana cikin Suratus Saffi, aya ta 13.

Tsohon Samanja:
Haka ne, Malam, ga mikiya a sama, ga tauraro mai tsini shida. Tauraron nan shi ne a jikin tsohon anini mai huda, kuma shi ne a tutar Najeriya ta zamanin Turawa kafin samun 'yanci ranar 1 ga Oktoba 1960.

Malama ta sa na tuna abin da aka koya mana. Asalin zagayawa da tuta a gaban sahu ranar fareti, ana tafiya a hankali, don kowane soja ya ƙare mata kallo ne ya gane tasa. A yaƙin da, hayaƙin albarushi yana rufe fili, ba ka jin umarni, in ka ɓace sai ka nemi tutarku ka koma gindinta. Daidai da abin da jikan dogari ya faɗa game da laima. Da bindigogi suka fara cin nisa, mai tuta ya zama shi ake fara harbi. Sojan Ingila sun daina shiga yaƙi da ita bayan 1881, a Afirka ta Kudu. Amma ba a daina rubuta sunayen wuraren da runduna ta yi jarumta a jikinta ba. Iyayenmu da suka je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu, a runduna ta 81 da ta 82, sun dawo da sunaye irin su Arakan da Mayohan, ga su nan an sa wa barikoki a Legas. Bukavu ɗin nan tamu ma sunan gari ne a Kwango, inda sojojinmu suka je aikin kiyaye zaman lafiya bayan samun 'yanci.

Hajiyar Fagge:
Ni tambaya gare ni, ba gardama ba. In babban mutum ya rasu sai a ce a sauke tuta, wasu su ce a sassauto da ita, wasu su ce rabin sanda. Wanne ne daidai? Don ni in na ji an sauke, sai in ɗauka an cire ta gaba ɗaya.

Tsohon Sojan Ruwa:
Hajiya, fahimtarki ita ce daidai. Saukewa cirewa ce. Ta makoki sassautowa ake yi, kuma da ƙa'ida: sai an kai ta har ƙololuwa tukuna sannan a dawo da ita ƙasa-ƙasa, da yamma ma a sake kai ta sama kafin a sauke. Ta Saudiyya ce ba a sassautowa ko wa ya rasu, saboda kalmar shahada da ke jikinta.

Mai Fassara:
Alhamdu lillahi, na samu fiye da abin da na zo nema. Ga yadda zan rubuta jimlar jiya in ta zo hannuna: an miƙa wa wasu bataliyoyin soja sabbin tutocin yaƙi. Ya yi?

Jikan Dogari:
Baba ya ce an daina shiga yaƙi da su. In kin ce tutocin yaƙi, dattijuwar nan ta adaidaita za ta ce yaƙi za a tafi.

Ɗan Sabon Gari:
Tutocin girmamawa fa?

Malamar Tarihi:
Wannan kamar lambar yabo ce da ake ba mutum ya rataye a falo. Ni tutocin runduna zan ce, in akwai fili a ƙara da cewa su ne ake fitowa da su ranar babban fareti.

Ɗan Kwari:
Ni har yanzu ina ganin nan da shekara 20 kala za a riƙa cewa, ko mun so ko mun ƙi. Amma na yarda launuka kuskure ne.

Tsohon Samanja:
Tutocin runduna ya yi mini. Amma 'yata, ki gyara aikatau ɗin. Ba miƙawa ake yi ba, miƙawa ai ko goro ana miƙawa. Hafsan da zai karɓa gwiwa ɗaya yake sawa a ƙasa, babban baƙo ya ɗauko ta da hannu biyu ya sa masa gindin sandar a cikin ɗamarar da ke rataye a kafaɗarsa, sai ya tabbata ta zauna sannan ya saki. Ki ce an damƙa.

In kuma labarin ya ambaci tsofaffin da aka canza, kada ki ce an jefar ko an kawar. Ranar da aka yi wa tamu haka ina cikin masu rakiya. Aka zagaya da ita gaban sahu karo na ƙarshe, badujala tana kiɗa a hankali, muna tafiyar nan mai jan ƙafa, har muka fice daga fili da ita. Gezarta duk ta zube, zaren tambarin ya yi baƙi. Ba a wanke ta, ba a yi mata faci, haka ake kai ta inda za a ajiye. Mu a bakinmu cewa muke an yi mata ritaya. Ke kuma ki ce an sallame ta.

Mai Fassara:
An damƙa sababbi, an sallami tsofaffi. Na rubuta, Baba. Saura ta goshin jirgi, Yaya sojan ruwa, in jirgin yana tafiya ina ake kai ta?

Tsohon Sojan Ruwa:
Da an kwance igiyar ƙarshe daga tasha ake sauke ta, a naɗe a ajiye sai an sake tsayawa.